Yadda Ake Haɗa Murya a Sintisaiza Tun Daga Tushe

Tun ranar da na sa ɗan bidiyon da nake fitar da kukan algaita daga wata 'yar na'ura a sutudiyona da ke Gusau, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: wace murya ce wannan, lamba nawa ce? Daga Talata Mafara an tambaya, daga Ƙauran Namoda an tambaya, har wani bawan Allah daga Argungu ya ce in tura masa ita ta WhatsApp. To, ba ta da lamba, haɗa ta na yi. Mu da muka taso a kan fiyanon Yamaha PSR mun saba a danna lamba murya ta fito, shi ya sa idan aka ajiye mana sintisaiza, wato na'urar da kake haɗa sauti da kanka a cikinta, mai mamurɗai birjik sai mu yi ta bin muryoyin kamfani ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba, ba mu ƙaru da komai ba. Ni ma na yi wannan yawon na wata da watanni. Ga hanyar da na so a ce an ɗora ni a kanta tun farko.

1. Na'ura da kayan aiki

Don koyo, nemi wadda kowane aiki yake da nasa mamurɗi a fili, ba wadda sai ka kutsa cikin menu ba. Korg Minilogue nake fara ambata wa kowa. Ta fito a 2016 kan kusan dala 500, tana da ki 37, tana buga ki huɗu a lokaci guda, tana da gurbin ajiye murya 200, ga kuma ɗan gilashi da ke zana maka siffar sauti kana murɗawa kana gani. Aibinta a wurinmu shi ne ba ta cin batir. Ƙanwarta Monologue, wadda ta fito kan kusan dala 300, tana aiki da batir AA shida, sai dai ki ɗaya take bugawa a lokaci guda. Volca Keys ta fi su araha, ta fito kan wajen dala 150, ita ma batir shida. Yamaha Reface CS tana da batir da sifika a jikinta, amma ba ta da ma'ajiyar murya a cikinta. Ita kuwa microKORG, da ke kasuwa tun 2002, muryarta da daɗi, sai dai mamurɗai biyar ne ke yi mata kusan dukkan aiki, kuma hakan yana rikita sabon shiga. Ka lissafa waɗannan da canjin dala na ranar, ka ɗora kuɗin kawowa.

Wanda bai da halin saye yanzu kada ya zauna jira. PSR-E463 tana da mamurɗai biyu da ake ɗora wa aikin filta, za ka iya gwada mataki na 5 a kanta.

Idan ta hannu za ka saya, a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, ka je da hedifon ɗinka. Danna kowane ki, murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe kana sauraron ƙarar "ƙirr", ka girgiza waya a bakin jak ka ji ko sauti yana yankewa. Sauran kaya ba su da yawa: hedifon mai waya, kebul mai jak babba na 6.35 mm, sitabilaiza in da wutar janareta kake aiki, littafi da biro, da zanen rufewa.

Gargaɗi: kan adafta ya shiga rami ba shi ne shaidar cewa ita ce ba. Duba bolt, duba kuma ɗan zanen da ke nuna ko + ne a tsakiya ko –. Minilogue, Monologue da Volca Keys bolt 9 suke ci, + a tsakiya. Yawancin adaftocin fedal na jita su ma bolt 9 ne, amma – a tsakiya, wato akasi. Na taɓa cusa adaftar dikoda mai bolt 12 a wata ƙaramar na'ura don gaggawa, warin ƙonewar da na ji ran nan har yau yana hancina.

2. Kunnawa

Rage ƙara zuwa ƙasa. Kunna sintisaiza, sannan miksa, sannan sifika a ƙarshe. Wajen kashewa sifika ce farko. In ka juya tsarin, wannan "bum" da kake ji sifikarka ce ke shan shi.

Na'urar analog, irin Minilogue, tana jin zafi da sanyi kamar fatar ganga. Ba ta minti 10 zuwa 15 ta ɗumama, sannan ka danna ki A na tsakiya ka gwada da manhajar saiti a wayarka, ya kamata ya ba ka 440 Hz, wato kaɗawa sau 440 a sakan. A bazarar Gusau, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ka ɗauko ta daga ɗaki mai sanyi zuwa filin biki sai ka sake duba saitin. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: gama aiki, rufe da zane. Kada ka ɗiga man keke ko na inji a mamurɗi don ya yi tauri. Akwai maganin feshi na kayan lantarki, masu gyaran rediyo sun san shi.

3. Share allo

Yawancin na'urori masu ma'ajiya suna da abin da aka rubuta INIT, wato murya tsirara wadda ba a yi mata komai ba. Daga nan za ka fara kullum. A Minilogue, gurbi na 101 zuwa 200 haka suke zuwa daga kamfani. In babu INIT, yi da hannu, bayanin waɗannan sunaye yana tafe a gaba: bar osileta ɗaya, buɗe filta gaba ɗaya, mayar da rezonans sifili, kashe LFO da eko, atak sifili, sasten cike, rilis gajere. Abin da za ka ji wani "zzzz" ne mara daɗi, kamar zuma ta shiga gwangwani. Daidai ke nan.

Aikin irin wannan na'ura kamar na masassaƙi ne. Gungume ake ba ka, kai kuma ka yi ta ragewa har turmi ya fito. Kuma sauti yana bin hanya ɗaya: osileta ta haife shi, filta ta tace shi, amfilifaya ta buɗe masa ƙofa. Enbelof da LFO ba sa yin sauti, hannaye ne da ke murɗa maka waɗancan ukun kana kiɗa. Wanda ya riƙe wannan jerin ba ya ɓata.

Gargaɗi: mamurɗi ɗaya a lokaci guda. In ka murɗa uku sauti ya yi daɗi, ba ka san wanne ya kawo daɗin ba, gobe ba za ka iya maimaitawa ba.

4. Osileta

A jikin na'ura za ka ga VCO ko OSC. Duk sautin da kunne ke ji kamar guda ɗaya, uwa ce da 'ya'yanta. In uwar tana kaɗawa sau 110 a sakan, 'ya'yan suna 220, 330, 440, haka har sama. Yawan 'ya'yan da ƙarfinsu shi ke bambanta goge da sarewa ko da ki ɗaya suke kai.

Zane uku na siffar sauti za ka fi gani. Mai haƙoran zarto yana da dukkan 'ya'yan, shi ya sa yake da kaifi da cika, daga shi ake sassaƙa goge, kakaki da yawancin bes. Mai kusurwa huɗu yana tsallake ɗaya ya ɗauki ɗaya, 110, 330, 550, sai ya fito da rami a ciki kamar ana busa cikin gora. Mai kusurwa uku 'ya'yansa raunana ne, muryarsa taushi, shi ne na sarewa. Riƙe ki ɗaya ka yi ta sauya su, ido a rufe, har ka iya faɗin sunan kowanne ba ka duba ba. An ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke korar gani.

Akwai mamurɗin da ke matse mai kusurwa huɗu, an rubuta SHAPE ko PW. Kana matsewa sautin yana sirancewa yana komawa ta hanci. Riƙe wannan, can algaita take. Lambobin 16', 8' da 4' kuma okteb ne, wato tazarar ki goma sha biyu: 8' tsakiya, 16' ƙasa da okteb ɗaya, 4' sama.

Sai ka gane guda ɗaya sannan ka kunna osileta ta biyu. Ba su zane iri ɗaya, ka ɗan kautar da ta biyu kaɗan, kamar senti 5 zuwa 10, alhali tsakanin ki da maƙwabcinsa senti 100 ne. Za ka ji sautin ya yi kauri yana wani lilo. Dalili: in ɗaya tana 440 ɗayar tana 442, sau biyu a sakan suke haɗuwa su rabu.

Gargaɗi: kautarwa in ta yi yawa mawaƙi zai ce fiyanonka ya kauce daga ki, kuma gaskiyarsa ne. A bes ma ka rage ta sosai, don tana sa gindin kiɗa ya riƙa zuwa yana tafiya.

5. Filta

VCF ko FILTER. Rariya ce. Wadda aka fi amfani da ita, mai alamar LP, tana barin uwa da 'ya'yan ƙasa su wuce ta tare na sama. Mamurɗin katof shi ke cewa daga ina za a fara tarewa, kuma galibi shi ne mafi girma a jikin na'ura. Zaɓi mai haƙoran zarto, riƙe ki, ka sauke katof a hankali: kaifi zai tafi, sauti ya dushe kamar an rufe ƙofar ɗakin da ake kiɗa, daga ƙarshe ya ɓace.

Rezonans yana ƙara ƙarfin 'ya'yan da ke daidai bakin katof. Kai shi rabi ka sake murɗa katof, za ka ji "wau-wau" kamar baki yana buɗewa yana rufewa. In akwai zaɓin 12 dB da 24 dB, na 24 ya fi yanka da ƙarfi, ya fi dacewa da bes. Na 12 yana barin ɗan haske. Akwai kuma KEY TRACK, wanda ke buɗe filta yayin da kake hawa sama. In ka ji ki na sama sun dushe alhali na ƙasa lafiya lau, shi ne a kashe.

Gargaɗi: rezonans in ya kai ƙarshe filta kan fara fito da kanta, fito mai huda kunne, yana iya lalata ƙaramar sifikar sama. Rage ƙara kafin ka gwada, musamman da hedifon. A na'urori da yawa kuma yana cinye nauyin bes.

Wani yaro da ke koyon aiki wurina ya taɓa tare ni a bakin ƙofa ido ya raina fata: "Maigida, wagga na'ura ta mace, ba ta hidda komi!" Na ce, "Kai ɗan nan, je ka duba katof." A rufe yake ruf. Kafin ka ɗauki na'ura zuwa wurin mai gyara, duba katof, duba ƙarar osileta a miksarta, duba sasten.

6. Enbelof na ƙara

Nan ne mutane suka fi sarewa, kuma nan ne murya ke samun halinta. Haruffa huɗu ne, A, D, S, R. Atak shi ne tsawon lokacin da sauti ke ɗauka daga shiru ya kai ƙololuwa bayan ka danna ki. Dike shi ne lokacin da yake ɗauka ya sauko daga ƙololuwar. Sasten shi ne matsayin da zai tsaya muddin yatsanka na kan ki. Rilis shi ne wutsiyar da ke biyo baya in ka ɗaga yatsa. Lura da kyau: uku lokaci ne, sasten kaɗai ne matsayin ƙara. Rashin sanin wannan shi ke sa mutum ya yi ta murɗa dike yana cewa ba ya aiki, alhali sasten na cike, babu inda sautin zai sauko.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tuna kayan kiɗan da ka sani. Mai gurmi ya taɓa tsarkiya, sauti ya fito nan take ya mutu da kansa, ko ya so ko bai so ba: atak sifili, dike matsakaici, sasten sifili. Mai goge yana jan izga, sautin ya shigo da ɗan jinkiri ya tsaya muddin hannu na tafiya: atak kaɗan, sasten sama. Mai algaita kuwa kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa, sautin ba ya yankewa: sasten cike, rilis gajere. Kafin ka taɓa mamurɗi, yi sautin da bakinka. "Tan" da "waaan" da "fuuu" kowanne enbelof ɗinsa daban, kuma bakinka ya riga hannunka sani.

Gargaɗi: atak ko rilis a sifili cak yakan kawo ɗan "ƙat" a farko ko ƙarshen sauti. Ɗaga shi ƙiris. Rilis mai tsawo kuma a na'ura mai ɗaukar ki huɗu yana sa sabon ki ya ƙwace gurbin tsohon, sai ka ji wutsiya tana guntulewa. Ba lalacewa ba ce.

7. Enbelof na filta

Haruffa huɗun nan dai, amma yanzu katof suke murɗawa. A tsarkiyar gaske kaifi ke fara mutuwa kafin ƙara, abin da za mu kwaikwaya ke nan. Sauke katof zuwa wajen ƙarfe 9, in ka ɗauki mamurɗi kamar fuskar agogo. Atak sifili, dike gajere, sasten sifili. Sannan ka ɗaga mamurɗin da ke cewa enbelof ya yi tasiri nawa, EG INT ko ENV AMOUNT. "Zzz" zai koma "tyau". Ranar da na fara jin wannan da hannuna na yi ta danna ki ɗaya har aka kira la'asar.

Gargaɗi: in EG INT yana sifili, ko katof a buɗe yake gaba ɗaya, ba za ka ji komai ba. Ƙofar da ke buɗe ba a sake buɗe ta. Wasu ƙananan na'urori, irin Volca Keys, enbelof ɗaya ne ke yi wa ƙara da filta aiki tare.

8. LFO

Osileta ce mai tafiyar hawainiya, galibi ƙasa da sau 20 a sakan, inda kunne ba ya jin ta a matsayin sauti. Abu uku za ka saita: gudunta, zurfinta, da inda za ka aika ta. Aika ta kan PITCH, wato hawa da saukar sauti, ka samu rawar murya irin ta mai goge, sau 5 zuwa 6 a sakan ya isa. Aika ta kan katof, ka samu "wau-wau" mai tafiya da kansa. Aika ta kan SHAPE a hankali, osileta ɗaya ta yi kauri kamar biyu. Gishiri ce, in har mai sauraro ya lura da ita to ta yi yawa, sai muryarka ta koma jiniyar motar asibiti.

9. Haɗa na gaske

Kowace ka fara ta daga INIT.

Gurmi: mai kusurwa huɗu a ɗan matse, 8'. Katof ƙarfe 9 zuwa 10, rezonans kaɗan. Enbelof na ƙara atak sifili, dike wajen sulusin sakan, sasten sifili. Na filta ya fi shi gajarta. Kunna KEY TRACK. In ka hau 4' ka ƙara gajarta dike, kuntigi za ta fara leƙowa.

Sarewa: mai kusurwa uku, ki ɗaya-ɗaya, wato MONO. Ƙara ɗan NOISE, wanda shi ne hucin iska, kaɗan ƙwarai. Atak ɗan taushi, sasten cike, rawar murya ƙiris.

Algaita, wadda aka fi tambaya: mai kusurwa huɗu a matse sosai, 8' ko 4'. Katof sama da rabi, rezonans wajen ƙarfe 11 don hancin ya fito. In na'urarka na da filta mai alamar HP, yanke ƙasan, algaita ba ta da gindi. MONO, tare da ɗan zamiya tsakanin ki, GLIDE ko PORTAMENTO, gajere. Wannan rabin aikin ne kawai. Sauran rabin a yatsu yake: kada ka ɗaga wani ki sai ka danna na gaba, ka riƙa ɗan taɓa na kusa da sauri kana dawowa, ka yi wasa da abin lanƙwasa sauti da hannun hagu. Na zauna kusa da masu algaita a hawan salla fiye da sau ɗaya ina kallon yatsunsu kafin tawa ta daina kama da hon ɗin babur.

Bes: mai haƙoran zarto a 16', filta 24 dB, katof ƙasa, ɗan enbelof na filta don ya sami baki, MONO. A nan akwai tarko. A sifikar sutudiyo bes mai taushi yana girgiza ƙirji, amma masu saurarenmu yawanci a waya suke ji, ko a ƙaramar sifikar shago da ta Keke Napep, waɗanda ba sa iya fitar da can ƙasa. Ɗauki ɗan gwaji ka tura wa wayarka. In bes ya ɓace, buɗe katof kaɗan 'ya'yan sama su fito, su ne za su wakilci uwar.

Kalangu: mai kusurwa uku, dike gajere, sasten sifili, ka aika enbelof kan PITCH don sautin ya faro sama ya faɗo da sauri. Matsewar da makaɗi ke yi a hammata kuma abin lanƙwasa sauti ne zai yi ta. Gaskiya tsakani da Allah, wannan ba ta kai ta fata ba. In waƙar ta kalangu ce, kira mai kalangu ka biya shi.

10. Eko da ajiya

Eko da ribab, wato amon da ke sa sauti kamar a babban ɗaki, a ƙarshe suke zuwa. Mun cika son su, na sani, amma suna rufe aibi. Muryar da ba ta yi daɗi a bushe ba, koma ka gyara ta.

Ajiya kuma kada ka jinkirta, musamman a na'urar da ba ta cin batir: wuta ta ɗauke, aikin awa biyu ya bi ruwa. Danna WRITE, zaɓi gurbi, sake dannawa. Duba lambar gurbin sau biyu, don duk abin da ke ciki za a shafe shi. In ta ƙi ajiyewa, kariyar ma'ajiya ce a kunne, microKORG ma haka take zuwa daga kamfani, sai ka kashe ta. Sa wa murya suna mai ma'ana, "Algaita 2" ya fi "Sabo". Na'urar da ba ta da ma'ajiya, ɗauki hoton fuskarta da waya, ka rubuta a littafi wace waƙa ce. Mai USB kuma ka riƙa kwashe muryoyinta zuwa kwamfuta kafin ka ba wani aro ko ka kai ta gyara.

Gargaɗi: in ka kira muryar da ka ajiye, mamurɗai suna nan inda ka bar su, ba sa komawa inda muryar take. Kana taɓa katof sai sauti ya yi tsalle, kuma a tsakiyar biki wannan abin kunya ne. Minilogue tana da saitin da ke sa mamurɗi ya jira sai ya iso daidai matsayin da aka ajiye kafin ya fara aiki, an rubuta Catch a cikin saitin gaba ɗaya. Kunna shi tun a gida.

Muryoyin kamfanin da na ce ka ƙyale da farko, yanzu ka koma musu. Zaɓi ɗaya da ta burge ka, kashe eko, kashe LFO, kashe osileta ta biyu, buɗe filta, kana rubuta abin da kowane mataki ya cire, har ta koma "zzzz". Sannan ka buɗe INIT a wani gurbi ka sake gina ta daga littafinka, ka riƙa sauyawa tsakanin biyun kana saurare. Inda suka bambanta, fara duba dike na filta.